Ranar da Jethro Ya Yi wa Waƙa Uba

Jethro Pask ya sauka daga jirgin fursunoni a Sydney a shekarar 1831, yana saurayi ɗan ashirin da 'yan kai, da hukuncin shekara bakwai a wuyansa saboda zomaye biyu da ya kama a dajin wani mai ƙasa can Ingila. Bai iya komai ba sai noma da waƙa. Tun yana ƙarami yake cikin mawaƙan 'yar majami'ar ƙauyensu, kuma Allah ya ba shi irin muryar da in ta tashi sai mutum ya ajiye abin da ke hannunsa. Hukuma ba ta tambaye shi murya ba. Ƙwanjinsa ta duba, ta ba da shi aro ga wani tsohon soja, Kyaftin Ormsby, mai kiwon tumaki a bayan duwatsu, yamma da Bathurst.

Wanda ya ga kwarin nan yau ba zai gane shi ba. A lokacin babu shingen waya, babu danga, ciyawa har gwiwa, itatuwan turare jefi-jefi kamar da hannu aka dasa su. Kogin yana cike da kifi, dangin mahaifiyata ma, 'yan asalin ƙasar, ba a gama korarsu daga bakinsa ba. Kyaftin ya rarraba tumakinsa garke-garke cikin daji, kowane garke da bukka guda da mutum biyu. Ɗaya makiyayi, ya fita da tumaki da safe ya dawo da su da yamma. Ɗaya mai tsaron bukka, ya yi girki, ya ɗaga shingen katako ya mayar da shi sabon wuri don kada dabbobi su kwana cikin kashinsu, ya kuma yi gadin karnukan daji. Jethro aka ba tsaron bukka. Makiyayin da ya tarar sunansa Malachy Tuohy.

Malachy mutumin Ireland ne, siriri, mai dogon haɓa, ya girmi Jethro da fiye da shekara goma. Hukuncinsa shekara goma sha huɗu ne, don yana cikin manoman da suka haɗa kai suka hana a fitar da wata gwauruwa daga gonarta. Ya baro mata, Honora, da 'ya'ya biyu. Ranar da Jethro ya iso, Malachy ya ƙare masa kallo daga hula zuwa takalmi.

"Me ka sata?"

"Zomaye."

"Nawa?"

"Biyu."

"Shekara bakwai a kan zomo biyu. To, ka dai ci su?"

"An kama ni tun ban feɗe su ba."

"Kai, jama'a! Ingila ta yi asarar ɓarawo. Shiga ka ɗora ruwan shayi, mu ga ko wannan za ka iya gamawa kafin a kama ka."

Haka suka fara, haka kuma suka zauna shekara uku, daga su sai tumaki sai mai kawo musu gari da naman gishiri a kan doki. Ba a daɗe ba Jethro ya lura abokinsa yana dawowa daga kiwo yana motsa leɓe, yana buga sanda a ƙasa kamar mai awo. Ashe baitoci yake shiryawa. Malachy bai iya karatu ba balle rubutu, a ka yake tsara su yana bin bayan tumaki, ya ajiye su a ka. Sai dai muryarsa ta hankaka ce sak. In ya ɗaga ta, karen kiwon kansa yakan tashi ya canja wuri.

Saboda haka suka raba aikin. Da almuru, bayan an rufe shinge, Malachy ya karanto baiti, Jethro kuma ya dinga gwada masa muryoyin waƙoƙin majami'a ɗaya bayan ɗaya har a sami wadda ta zauna. Malachy yana kiransa Zakara, shi kuma yana kiran Malachy Hankaka.

"Haba Zakara, wannan ai muryar jana'iza ce. Ni fa Kyaftin nake zagi."

"Ai shi ya sa ta dace."

Wadda suke magana a kanta ita ce ta fi kowace yaɗuwa. Farkonta ke nan:

Kyaftin na shafa bayan tunkiya,
Namu bayan kuwa sai bulala.
In ta yi tari a nemo magani,
In mun yi tari a ƙara wahala.

Mai kawo gari ya ji ta, ya kai ta wata bukka. Masu amalanken shanu suka ɗauke ta suka haura duwatsu da ita. Kafin shekara ta zagayo ana rera ta a rugagen da ba su taɓa ganin fuskar Kyaftin Ormsby ba, kowa ya cire sunan ya sa na ubangidansa. Akwai wasu da dama: ta jirgin da ya kawo su, ta ranar da mutum zai yi tafiya ba wanda zai tambaye shi ina za shi, ta alƙalin da ke cin abinci a teburin mai ƙara. Kyaftin ya ji labarin tasa, manajansa, wani mai suna Grice, ya daɗe yana cigiyar bakin da ta fito.

Akwai kuwa doka a tsakanin fursunoni, wadda ba a rubuta ba amma kowa ya san ta, Malachy kuma ya karanta wa Jethro ita tun a watan farko.

"Ka saurare ni da kyau, yaro. Waƙa a ƙasar nan ba ta da uba. Duk wanda ya tambaye ka, a hanya ka tsince ta, a bakin wani mai amalanke da ba ka san sunansa ba, ya yi gabas."

"Ko da mai daɗi ce, wadda ba zagi a ciki?"

"Ita ma fi. Ranar da aka san gona tana da mai shirya baiti, duk waƙar da ke yawo a lardi ta zama tasa. Ka gane?"

Jethro ya ce ya gane.

Mai daɗin kuwa akwai ta. Malachy ya yi wa Honora ita, kuma ita kaɗai ce bai yarda ta fita daga bukka ba. A ƙarshen shekarar 1834 ya kusa cika shekara shida, lokacin da mai irin hukuncinsa yake iya neman tikiti. Tikiti ba cikakken 'yanci ba ne, amma mai shi yana yi wa kansa aiki, yana kuma iya roƙon gwamnati ta kawo masa iyalinsa a jirgi. Abu ɗaya ake bukata, ubangida ya shaide shi da kyakkyawan hali. Malachy bai taɓa ɓatar da tunkiya ba, bai taɓa mayar wa Grice magana ba. Har ya zaɓi wurin da zai kafa bukka a gaɓar kogi, ya nuna wa Jethro inda Honora za ta shuka dankali.

A watan Disamba, wanda a can lokacin zafi ne mai narka kitse, aka gama askin tumaki. An tattaro garkuna duka zuwa babban gida, an wanke su a kogi, an aske, an ɗaure ulu. Bisa al'ada Kyaftin ya yanka sa, ya fito da giyar rake, ma'aikata suka zauna a inuwar rumfar aski tun da hantsi. Da la'asar ya fito baranda shi da uwargidansa, wadda ba ta daɗe da zuwa daga Ingila ba, kuma kowa ya san kewar gida tana cinta. Wani ya ce a sa Jethro ya yi waƙa. Ya yi ta majami'a guda, aka tafa. Ya yi ta girbi, aka tafa. Giya ta ɗan hau masa kai, daɗin tafi ya ƙara. Ya dubi matar nan a kujerarta, sai zuciyarsa ta raya masa wani abu, ya ɗauko ta Honora.

Honora, bar zaman bakin ruwa,
Jirgin da ya kai ni ba mai dawowa.
Ki tara 'ya'ya, ki rufe ƙofa,
Ni zan kira ki, ke ce mai zuwa.

Ƙattin da suka wuni suna zage-zage suka sunkuyar da kai. Da ya kai ƙarshe, uwargidan tana share ido da hankici, ba ta ko ɓoye ba.

"Bawan Allah, wa ya yi wannan waƙa?" in ji ta. "Kai ne?"

Jethro ya san amsar, tana kan harshensa. Amma ya ga hawayen matar, ya tuna shaidar da Malachy yake bukata, ya ce a ransa ai yau ƙofa ta buɗe. In uwargida ta sa baki, Kyaftin zai sa hannu gobe. Ya waiwaya ya hango Malachy can baya a jikin ginshiƙi yana girgiza masa kai a hankali. Ya ɗauka kunya ce.

"Ba ni ba ne, ranki ya daɗe. Ga mai ita can, Malachy Tuohy, makiyayinku. Matarsa ya yi wa. Duk lardin nan babu mai shirya baiti kamarsa."

Uwargida ta ce Allah sarki, ta ce lallai a taimaki wannan mutum. Ma'aikata ba wanda ya tafa. Grice ne kaɗai ya yi murmushi, ya cire lofe daga bakinsa.

"Ashe muna da mawaƙi a gida," ya ce, "muna ta nema a waje."

Kwana biyu bayan haka ɗan sanda ya zo ya tafi da Malachy Bathurst, aka ce Jethro ma ya biyo, shaida.

Alƙalin maƙwabcin Kyaftin ne, shi ma mai tumaki. Aka jero wa Malachy waƙoƙi, tasa da wadda ba tasa ba. Har da wata ta yabon 'yan fashin daji da ta zo daga Sydney, har da wata da ake rerawa tun kafin jirginsa ya taso daga Ireland. Malachy ya tsaya kan bakansa: shi ko sunansa bai iya rubutawa ba, waƙa kuwa a hanya yake jin ta kamar kowa, yaron nan giya ce ta yi magana a bakinsa. Grice ba shi da wata hujja. Abin da ya rage Jethro ne.

Ɗakin shari'ar ƙarami ne, tagarsa tana kallon tsakar gida, inda aka kafa sandunan nan uku da ake ɗaure mutum a yi masa bulala. A daidai lokacin ana yi wa wani, ana jin saukar tsumagiya da ƙidayar ɗan sanda. Jethro kuwa tun da ya zo ƙasar ba a taɓa taɓa bayansa ba.

"Kai ka ce shi ke shirya baiti," in ji alƙali. "To, wannan ta Kyaftin, tasa ce? Ko kuwa ƙarya ka yi wa uwargidanka a gaban jama'a? In ƙarya ce ka faɗa, ga wurin gyara nan a waje."

Kalma ɗaya ta isa. Da sai ya ce a buge yake, ya ce a hanya ya tsince su duka. Da an yi masa bulala a kan ƙarya, bayansa ya warke cikin wata guda, Malachy ya koma kiwonsa. Jethro ya san haka sarai, a wurin ma ya sani, ba daga baya ba. Ya dubi takalminsa.

"Tasa ce, ranka ya daɗe."

Aka yanke wa Malachy bulala hamsin da shekara biyu cikin sarƙa a aikin hanyar duwatsu, maganar tikiti kuma ta koma farko. Da za a fita da shi ya wuce ta gaban Jethro, bai ko dube shi ba.

Jethro ya koma bukka. Sabon makiyayin da aka kawo ba ya cin abin da ya dafa, gara ya gasa nasa burodin a toka. Masu aski suka sa masa suna Yahuza, wato maci amana. Da lokacin nasa tikitin ya zo, Kyaftin ya shaide shi da yabo mai yawa, ya ce mutum ne mai gaskiya, wannan yabon kuwa shi ya tabbatar wa kowa cewa sayar da abokinsa ya yi. Ya bar kwarin. Ya yi wa wani mai amalanke aiki har ya mallaki nasa shanun, ya shiga ɗaukar ulu zuwa Sydney, ya dawo da gari da sukari da ƙarfe. Ya auri wata gwauruwa mai haƙuri, Tamar, suka haifi 'ya mace, suka zauna a gefen Bathurst.

Sana'ar da ya zaɓa ba ta bar shi ya huta ba, don hanyar da yake bi ita ce wadda 'yan sarƙa suke fasawa. Duk inda ya iske su, cikin kayansu na ruwan toka da rawaya, sai ya rage tafiya yana duban fuskoki, ya yar da taba a gefen hanya kamar faɗuwa ta yi, ko da yake an hana. Bai ga Malachy ba. Wani ya ce ya bugi mai gadi an ƙara masa shekaru an kai shi tsibirin da ake kai fursunoni masu taurin kai. Wani ya ce ya mutu. Aka daina kawo fursunoni, aka kwance sarƙoƙi, zinariya ta ɓulla, mutane suka cika hanya daga ko'ina cikin duniya, ba mai sha'awar tuna wanda ya zo a wane jirgi.

A waɗannan shekarun Jethro yakan ba da labarin in an zauna. Yakan ba da shi da kyau, da rumfar aski da hawayen uwargida da murmushin Grice, ya ce wautarsa ce ta halaka mutumin kirki. Masu ji su ce ai da kyakkyawar niyya ya yi. A barandar nan labarin yake tsayawa kullum. Tamar kanta ba ta san an taɓa kiransa shaida ba.

Wata ranar kaka a shekarar 1856, da tsakar rana, ya tsaya shayar da shanu a wani masauki da ke gindin hawan dutse. Wani tsoho yana jan ruwa a rijiya yana zubawa a kwami. Bayansa ya tanƙware, yana tafiya ƙafafu a ware, gajerun taku, irin tafiyar da sarƙa take bar wa mutum har abada.

"Kai mai shanu, ja su baya, za su taka mini bokiti! Ko ubanka ne zai saya mini wani?"

Jethro ya saki sandar korar da ke hannunsa. Fuska ta sauya, haƙora sun zube, amma murya irin wannan guda ce a duniya.

"Malachy."

Tsohon ya ajiye guga, ya kare ido da hannu, ya daɗe yana kallo.

"Zakara," ya ce. "Ka yi ƙiba."

Suka zauna a kan wani gungume a inuwar barga. Jethro ya miƙa masa taba, ya karɓa, ya sansana, ya ce ta fi ta gidan nan amma ba da yawa ba. Jethro yana da jawabi da ya shekara ashirin yana gyarawa a bayan shanu, ya fara zubo shi. Ya ce giya ce, ya ce hawayen matar ne, ya ce wallahi taimako ya yi nufi, bai karɓi komai daga hannun Grice ba, tikitinsa lokacinsa ne ya yi.

"Dakata, dakata," in ji Malachy. "Wa ya ce ka sayar da ni? Kai da ko zomo ba ka iya sayarwa ba? Na san abin da ka yi nufi tun kana buɗe baki. Ranar nan sai da na so in shaƙe ka, amma ban taɓa riƙe ka da ita ba. Wawa mai ƙaunarka ai ba a fushi da shi har shekara."

Jethro ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Bai kai ga sakin numfashi ba tsohon ya ci gaba.

"Ba ita ba ce. Ka san wadda nake nufi. Ko ka zo nan ne ka ba ni rabin labari, ni da nake tsaye a wurin?"

Shanu suna shan ruwa, ana jin ƙarar ƙararrawar na gaba. Jethro ya sunkuyar da kai. Abin da bai taɓa faɗa wa matarsa ba, bai ma taɓa faɗa a addu'a da kalmominsa ba, shi ake nema.

"Na ji tsoron bulala," ya ce daga ƙarshe. "Na san in na ce ƙarya na yi za a sake ka. Na sani. Na ji ana dukan mutumin nan a waje, na ce tasa ce."

"Yawwa," in ji Malachy. "Yanzu ka zo."

Ya kunna lofe, ya ja, ya yi tari. Ya ba da labarin nasa a taƙaice, kamar na wani. Shekara biyu ta zama biyar saboda wani mai gadi da ya ture. Daga nan tsibiri. Bai ga tikiti ba sai da gashinsa ya yi fari. Baiti kuwa tun a aikin hanya ya daina zuwa masa, shi ma bai bi shi ba.

"Honora fa?" Jethro ya tambaya, ko da yake ya ji amsar tun kafin ta fito.

"Shekarar yunwa. Ita da ƙaramin suka rasu a gidan gajiyayyu. Wani ɗan garinmu da ya zo haƙar zinariya ya gaya mini. Babban ya tafi Amurka, ba wanda ya san inda yake." Ya tofar da yawu. "Ya ce har ƙarshe in jirgi ya shigo takan aika a tambaya."

Jethro bai bukaci a yi masa lissafi ba. Da an ba Malachy tikiti a lokacinsa, da matar nan ta shekara goma tana shuka dankali a gaɓar kogi kafin yunwa ta sauka a Ireland.

"Taho mu tafi gida," ya ce. "Akwai ɗaki. Tamar za ta kula da kai, ba za ka ƙara jan guga ba."

"In je in yi me? In zauna kana kallona safe da yamma kamar karen da ya ci naman Lahadi? Ina da shimfiɗa a bayan barga, ina da matar mai masauki da muke faɗa kullum. Ka bar ni da abina."

"To ka yafe mini."

Malachy ya dubi lofen da ya mutu a hannunsa.

"Na bayana na yafe," ya ce. "Fata ce, ta warke. Na sarƙa ma na yafe, har da tsibirin. Ni kaina da aka ɗaure ni a sandunan nan, da sun tambaye ni sunan uwata su kama ta, ban san me zan ce ba. Wannan duka nawa ne, na ba ka. Amma na Honora ba nawa ba ne, Jethro. Ba ni da ikon in kyautar da shi. Ita za ka tambaya."

Wannan ne karo na farko da ya kira shi da sunansa.

Ya tashi da ƙyar, ya koma rijiya, ya ƙarasa cika kwamin. Da Jethro ya gyara karkiya zai tashi, Malachy ya ɗaga murya daga can.

"In za ka dawo ka taho da taba ta mutane, ba wannan ciyawar ba!"

Jethro ya dawo, kuma ya ci gaba da dawowa duk tafiya, hawa da sauka, har shekara huɗu. Sukan zauna a kan gungumen nan su yi musu a kan shanu da farashin ulu da wanda ya fi wani tsufa. Bai ƙara roƙo ba, Malachy bai ƙara komai a kan abin da ya faɗa ba. Ya mutu cikin sanyin 1860, Jethro ne ya haƙa kabarin.

Bayan jana'iza ya tsayar da fadan cocin Katolika da ya yi addu'ar, ya tambaye shi yadda mutum yake neman gafarar wadda ta mutu. Fada ya dube shi, ya ce shi dai abin da ya sani akwai ranar da ake yi wa matattu addu'a, farkon Nuwamba, kowa yana iya zuwa. Jethro ɗan cocin Metodis ne tun kakanni, su kuwa ba sa yi wa mamaci addu'a, fastonsa ma ya gaya masa haka ba sau ɗaya ba. Duk da haka kowace shekara in ranar ta zo sai ya sa baƙar kwat ɗinsa, ya ratsa gari zuwa cocin Katolika, ya ba da sunan Honora Tuohy a karanta cikin sunaye.

A nan na san shi, ya tsufa, ya sayar da shanu. Ba ya shiga cikin benci. Can baya yake tsayawa kusa da ƙofa, hula a hannu, bai san lokacin durƙusawa ba, bai san lokacin tashi ba, yana satar kallon 'yan Ireland yana bin su a makare. In aka zo kan sunan sai ya ce amin shi kaɗai, da ƙarfi, inda ba a cewa. Da farko mutane suna waiwaye, daga baya suka saba. 'Yarsa ta gaya mini a shekararsa ta ƙarshe, da ƙafa ta ƙi, a keken doki ta kai shi. A hanyar dawowa ta tambaye shi ko yana ganin Honora ta ji. Ya ce bai sani ba, babu kuma wanda zai tambaya.